Daga Zangon Damagaram zuwa Dutsen Bagazam

Wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsun Birni, a Damagaram, yana ganin gari duka a ƙarƙashinsa. Ga fadar Sarki, ga masallaci, ga abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimun ya gina. Can arewa kuma ga unguwar Zango. Yara suna hawan duwatsun nan da gudu, awaki ma haka. Shi ya sa mutumin Damagaram yakan ɗauka ya san dutse.

Amma dutse suna ya tara. Tsaunukan Kutus da na Muniyo, wajen Gure, sun fi na Birni girma. Na Tarmit, can arewa maso gabas, ya kai wajen mita 700. Mai son ganin uban duwatsun Nijar kuwa, sai ya nufi arewa, ƙasar Abzin. Can ne Dutsen Bagazam yake. Ƙololuwarsa, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tagas, tana da tsawon mita 2,022 idan aka auna daga bakin teku. Duk faɗin Nijar babu wurin da ya kai ta. Garin Damagaram, a wannan awo, bai cika mita 500 ba.

Mutanen kudu suna zuwa ƙasar nan. Wani cin rani ke kai shi, ya yi aikin garka. Wani sarin albasa ke kai shi. Wani ɗan makaranta ne mai son ganin ƙasarsa da idonsa. Wani kuwa shi za a ɗauka ya yi dakon kayan baƙi. Abu guda ya kamata dukansu su sani. Baƙo yana hawan dutse ne da sanin wani da kuma ƙarfin wani, wato jagora da ɗan dako. Wanda ya riƙe amanar mutanen nan biyu, shi ke sauka lafiya.

Tsohuwar hanya

Tsakanin Damagaram da Abzin ba sabon zumunci ba ne. Unguwar Zango daga ayari ta samo sunanta, don nan ne fataken arewa ke sauke kaya. Abzinawan Kel Ewe, mutanen Timiya da Bagazam, sukan tashi bayan damina su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Balma. Su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro kudu, Damagaram da Tasawa da Kano. Raƙumansu su ci kara a gonaki, su bar wa manomi taki. Kafin damina su koma gida da hatsi.

Ayari yana da tsari. Akwai madugu, shugaban tafiya. A ayarin Hausawa akwai kuma jagaba, mai shiga gaba ya nuna hanya. Madugu ne ke faɗin lokacin tashi da wurin sauka. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe. Idan ya yanke magana, mai dukiya da yaronsa duk bi suke.

A ƙarshen shekarar 1850 wasu Turawa uku suka biyo ayarin gishiri daga Abzin zuwa kudu. Ɗayansu Bajamushe ne, Bart, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Suna da bindigogi da takardu da dukiya. Duk da haka ba su iya taka hanyar su kaɗai ba. Sai da suka shiga ƙarƙashin Annur, wani babban Kel Ewe, suka yi ta jira har ayarinsa ya shirya. Suka wuce ta gefen Bagazam, suka sauka Damargu a watan Janairu 1851. Nan suka rabu. Shugabansu, Rishadsan, ya shigo Damagaram. Abdulkarim ya nufi Tasawa da Kano.

Waɗanda suka zo da ƙarfi

Akwai kuma waɗanda suka so su ci hanyar da bakin bindiga. A 1898 wata rundunar Faransa ta taso daga Aljeriya, Furo da Lami ke ja mata gaba, da raƙuma wajen 1,000. Nauyin kaya da rashin kiwo suka karkashe raƙuman. Da suka iso Iferwan, cikin Abzin, mutanen ƙasa suka ƙi ba su wasu. Suka zauna wata da watanni, har suka ƙone kayansu da hannunsu don babu abin ɗauka. A Agadas sai da suka tsare rijiyoyin gari kafin su samu raƙuma. Ba su iso Damagaram ba sai watan Nuwamba 1899.

A wannan shekara ta 1899 wata runduna ta biyo ta yamma, ta Bule da Shanwan, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni. Da ƙarfi take kama mutane ta aza musu kaya. Wanda ya gaza, a kashe shi. Ƙarshen shugabannin nan biyu ya zo a watan Yuli, kusa da Tasawa, a hannun sojojinsu. Bayan haka ma talakawa sun daɗe suna dakon tilas, har aka soke aikin dole a 1946.

Saboda haka mutanen ƙasar nan sun san ɗacin kayan da aka aza wa mutum babu yardarsa. Wanda kakansa ya ɗanɗana wannan bai kamata ya yi wa wani ba, ko da da kuɗinsa ya ɗauke shi.

Hanyar mota

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Ana bi ta Tanut, babban garin Damargu, sannan Adarbisanat. Tun daga Tanut gonaki ke raguwa, sai makiyaya da bisashensu. A Agadas, abin da ido ke fara gani shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai mita 27. Daga nan sai a nufi arewa maso gabas, fiye da kilomita 100, zuwa Tabalot, garin garake da albasa da ke gindin Bagazam.

Kafin a bar gida, a tambayi labarin hanya. Ƙasar Abzin ta ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009. A na biyun har an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. An yi sulhu, amma labarin hanya kamar na kasuwa ne, na jiya ba ya yin yau. Matafiyi ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. A Agadas ya je wurin hukuma ya faɗi inda za shi. Idan aka ce a dakata, ya dakata. A Tabalot ma ya gabatar da kansa ga magajin gari da mai gari, ya faɗi ranar hawa da ranar da yake sa ran sauka. Idan ranar ta wuce ba a gan shi ba, an san inda za a neme shi.

Abin da ke bisa dutsen

Daga ƙasa, Bagazam kamar ganuwa yake, baƙi ƙirin, ya tokare sama. Tun kaka da kakanni da ƙafa ake hawansa, da jakai da raƙuman da suka saba. Turba ce siririya mai bi ta tsakanin manyan duwatsu, tana lanƙwasa nan da can. Hawan yana cin sa'o'i da dama.

Wanda ya kai sama sai ya yi mamaki. Fili ne mai faɗi, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20. Akwai ƙauyuka, akwai idanun ruwa, akwai garake kore shar. Ana noman albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da tumatir da alkama. Akwai lemu da ɓaure. Mata suna kiwon awaki, suna yin cuku. Sunan dutsen nan ne aka ba dokin nan bagazam, wanda sarakuna ke alfahari da shi. Mai son taka ƙololuwa kuwa, sai ya ƙara tafiya bisa filin. Don hawa da zagayawa da sauka babu gaggawa, a ware kamar mako guda.

Sanyi da ruwa

Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara, zafin gindin dutse yana kayar da ƙato. Da damina kuwa akwai wani haɗari. Ruwa na iya sauka can nesa bisa duwatsu, inda mutum yake ko ɗigo babu, sai kawai busasshiyar ƙorama ta cika ta taho da itatuwa da duwatsu. A farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta yi haka, ta rusa dubban gidaje a Agadas. Don haka ba a kwana a cikin ƙorama, komai laushin rairayinta.

Lokacin ɗari ma yana da nasa. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Tsakanin Damagaram da kan Bagazam akwai fiye da mita 1,500. A watan Disamba da Janairu, wani dare har ruwa kan yi ƙanƙara. A tanadi bargo mai kauri, da rigar sanyi, da rawani, da takalmi mai rufe ƙafa. Kada takalmin ya zama sabo fil, don sabo yana cizo.

Ruwa shi ne gaba da komai. Mai hawan dutse yana bukatar lita 4 zuwa 5 kowace rana. A cika salka da bido tun daga ƙasa, kuma a sake cikawa duk inda aka samu. Damagaram ta san abin da ƙishirwa ke yi. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance. Cimaka kuma a ɗauki mai sauƙin nauyi: garin gero, dabino, cuku, ƙuli-ƙuli, kilishi, shayi da sukari. A ƙara na kwana ɗaya ko biyu bisa ga lissafi.

Zaɓen jagora

Da ɗan gari akan ci gari. A bisa dutse, turbar mutane da ta awaki kama suke, kuma ta awaki tana iya ƙarewa a bakin rami. Jagoran kirki ɗan ƙasar ne, wanda mai gari ya sani kuma zai tsaya masa. Ba a ɗaukar wanda aka gamu da shi a tasha don kawai kuɗinsa ya fi sauƙi.

Kafin a shirya da shi, a tambaye shi. Sau nawa ya hau ta wannan turba? Ina ruwa yake, kuma yaushe ya gan shi da idonsa? Ina za a kwana kowane dare? Idan wani ya karye ko maciji ya sare shi, ta ina za a sauko da shi, kuma ina gidan likita mafi kusa? A ina wayar salula ke kamawa? Wanda ya san hanya zai amsa babu kame-kame.

Idan an ɗauke shi, to ya zama madugu. Ya ce a tashi da asuba, a tashi. Ya ce a juya, a juya, ko da ana hangen ƙololuwa. Dutse ba ya gudu, baɗi ma yana nan. Kuma idan aka juya saboda haɗari, a biya shi ladarsa cikakkiya. Jagoran da ya san za a rage masa kuɗi idan ya juya, yana iya kai mutane ga halaka.

Haƙƙin ɗan dako

A Bagazam jakai ke ɗaukar yawancin kaya. Amma akwai mai kora su, kuma akwai inda dole mutum ya sauke wa jaki ya ɗauka da kansa. Haƙƙin mutumin nan shi ne aka fi dannewa, a nan da sauran ƙasashe.

Dutsen Eberest, tsakanin Nepal da Sin, shi ne mafi tsawo a duniya, mita 8,849. Ranar 29 ga Mayu 1953 mutum biyu suka fara taka kansa, Edman Hilari da Tenzin Norge. Duniya ta riƙe sunansu. Amma ƴan dako fiye da 300 ne suka kai musu kaya, kuma shi kansa Tenzin da dako ya fara. A watan Afrilu 2014 ƙanƙara ta rufto a wannan dutse, ta kashe ma'aikata 16 ƴan Nepal, suna kan kai kayan baƙi.

A Afirka, Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya ne ya fi tsawo, mita 5,895. Can doka ta hana baƙo hawa babu jagora. Ta kuma ce kayan baƙo da za a aza wa ɗan dako kada ya wuce kilo 20, kuma ana aunawa a bakin ƙofa. Kilo 20 kamar tiya 8 ne na gero. A 2003 aka kafa wata ƙungiya a garin Moshi don sa ido ga ladar ƴan dako da abincinsu da tufafinsu.

Wannan awo ya isa abin koyi. Manomi yana iya kai buhu daga gona zuwa rumbu, amma hawan dutse yini guda da kaya a ka wani abu ne dabam. Ga abin da ya kamata a yanke tun a gindin dutse, a gaban mai gari ko wani shaida:

1. Kuɗin kowace rana, da yawan kwanaki. Ranar hutu da ranar komawa gida suna cikin lissafi.

2. Nauyin kaya. A auna kowa na gani. Idan kaya ya yi yawa, a ƙara mutum ko jaki.

3. Cimaka da ruwa. Abin da baƙo ya ci, shi ɗan dako zai ci, kuma ba daga ladarsa za a cire ba.

4. Bargo da takalmi. Sanyin da ke kama baƙo shi ke kama mai ɗaukar kayansa.

5. Ciwo ko rauni. Mai tafiyar ne zai biya magani. Ba a sallamar marar lafiya ya sauka shi kaɗai, sai da mai rakiya.

6. Biya. A danƙa wa kowa kuɗinsa a hannunsa, tun guminsa bai bushe ba. Kuɗin da ya bi ta hannun dillali yakan iso da giɓi.

Ba a ɗaukar yaro ƙarami dako, ko da ubansa ya yarda. Shi ma mai neman aikin, kada kunya ko bukata ta sa ya yi shiru. Ya tambayi waɗannan abubuwa shida kafin ya aza gammo. Wanda ya iya karatu ya sa a rubuta, ya riƙe takardarsa.

Jaki ma yana da haƙƙi, makiyayi ya fi kowa sani. A duba bayansa ko akwai miki, a duba kofatonsa. A daidaita kaya dama da hagu. Kayan fili ba shi ne kayan dutse ba, sai an rage. A zango a fara sauke masa a shayar da shi, sannan a ɗora shayi.

Ciwon tsawo

Akwai wani ciwo da ke kama masu hawan manyan duwatsu. Duk yadda mutum ya yi sama, iska tana ƙara sirancewa, numfashi ɗaya ba ya kai wa jini abin da ya saba samu. Yawanci ciwon yana farawa daga wajen mita 2,500. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri da rashin barci. Ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya.

Bagazam bai kai wannan tsawo ba. Abin da baƙo zai ji can shi ne haki da saurin gajiya. Amma duwatsun maƙwabta sun wuce. Tahat, a Aljeriya, arewa da Tamanrasat, yana da wajen mita 2,900. Emi Kusi, a Cadi, yana da 3,415. Likitoci sun ce idan an wuce mita 3,000, wurin kwanan yau kada ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kwana 3 ko 4. Wanda ya ji alamun kada ya ƙara hawa. Idan abin ya yi tsanani, yana tangaɗi, ko yana haki ko a zaune, maganinsa sauka nan take, ko cikin dare ne. A riƙa tambayar ƴan dako lafiyarsu, don sukan ɓoye ciwo saboda tsoron rasa aiki.

Ko a Bagazam, dokar tafiya ɗaya ce. Sannu ba ta hana zuwa. Mafi rauni shi ke yanke saurin ayari. Jagora yana gaba, wani mai ƙarfi yana baya, babu mai wuce na gaba, babu wanda na baya zai wuce.

Ladabin baƙo

Kan Bagazam gidan mutane ne. Idan an isa ƙauye, a fara gaida mai gari, shi zai nuna masauki. Idon ruwa na sha ne da ban ruwan garka, ba a wanki da sabulu a cikinsa. Ba a saran ɗanyen itace, don itacen dutse yana daɗewa bai girma ba. Ba a tsinkar lemu ko shiga garka sai da izini. Ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace, sai ya yarda. Leda da gwangwani, yadda aka hau da su haka za a sauko da su, don leda tana kashe akuya. Abin da ake bukata na albasa ko cuku, a saya a wurinsu da kuɗinsa, don su ma su ga amfanin baƙunta.

Idan an sauko, a koma wurin mai gari a shaida masa an dawo. A biya kowa a gabansa, a yi sallama da jagora da ƴan dako ɗaya bayan ɗaya.

A zamanin ayari, ranar da madugu ya shigo Zango, ana tarbarsa da murna. Amma kafin a kwance kantu ko ɗaya, iyalai mutanensu suke dubawa. Madugun da ya tashi da mutum 40 ya dawo da 40, shi ake sake bi baɗi. Haka yake ga mai hawan dutse. Idan an tashi mutum 10 daga Tabalot, har da mai jaki da ɗan dako, a dawo mutum 10, kowa da lafiyarsa, kowa da haƙƙinsa a aljihu.

Allah ya kiyaye hanya.